Zoben Jan Ƙarfe a Hanyar Ingal

A Birnin Ƙonni na fara yarda cewa na bar gida. Hausa suke yi kamar tamu, amma burodinsu dogo ne kamar taɓarya, 'yan sandansu jandarma ake ce masu, man babbar mota kuma da muka sani da gas su gazuwal suke kiransa. Ina zaune bisa buhunan gero a bayan motar Kawu Sanda, ɗiyata Ajuji a cinyata, ina jin kamar duk wanda ya dube ni ya san ban taɓa zuwa ko'ina ba.

Ni 'yar Anka ce, gidan maƙera, aure ya kai ni Gwashi. Kawu Sanda kawun maigidana ne, mutumin Gummi, a tuƙi ya yi furfura. Shi ya zo da saƙon cewa uban Ajuji ya samu ɗaki a Arlit, can ƙuryar ƙasar Nijar inda yake aikin gini, ya ce a kai masa iyalinsa. Kunyar Kawu nake ji irin ta suruki. Tun daga gida in ya yi mani magana ƙasa nake kallo, amsar kuma ba ta wuce "to".

Kafin Ajuji na haifi biyu, duka suka koma tun ba su fara rarrafe ba. Shi ya sa aka sa mata wannan suna, don a nuna kamar ba a damu da ita ba. Da na samu cikinta Baba ya narka jan ƙarfe ya zuba mani zobe da hannunsa, Inna ta kai aka yi masa tofi, ta zura mani a yatsa ta riƙe hannuna gam.

"Kul kika hidda shi, Kulu," in ji ta. "Ko wanka ko wanki. Sai ran da anka yaye abin da ke cikin ga."

Ban cire ba. Yatsan ya yi ƙiba a kansa har zoben ya zauna cikin nama. Lokacin wannan tafiya Ajuji tana tsayuwa da bango, ba a yaye ta ba.

Tun a Sakkwato motar ta yini a gareji. Akwai ɗan ƙaramin famfo da ke jawo mai daga tanki ya kai wa inji, na asalin ya gaji, Kawu ya sayi sabo. Mai shagon ya rantse masa cewa na Jamus ne, kwalin ma har da hoton mikiya. Na ga Kawu yana juya shi a rana yana nuna wa direbobi ƙyallinsa, kamar wanda ya sayo wa amarya kwano.

A Tawa muka ƙara mutane. Cikinsu akwai Hajiya Mariyama, wata dattijuwa mai kai gabu Agadas, wadda tun kafin ta gama hawa ta karɓi Ajuji daga hannuna ta ce in miƙe ƙafa. Akwai kuma wani tsohon Buzu, Agali, da takobinsa da butar shayinsa, idanu kawai ake gani cikin rawani. Ingal za shi. Da ya ji Hajiya na tambayata gidanmu na ce maƙera, sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ashe da baiwata cikin motar ga. Ke ɗiyar maƙera, zo ki hura mani wuta."

Na san wasan da ke tsakanin Buzaye da maƙera, na sha ganin Baba yana yi da masu kawo gishiri. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Takobin da kake taƙama da shi wa ya ƙera maka? Mu karɓe abinmu mu gani in ba sanda za ka rataya ba."

Hajiya ta yi dariya har ta ƙware. Daga ranar duk shayin da Agali ya dafa sai ya miƙo mani ɗan kofi, yana cewa ba ya son baiwarsa ta rame kafin ya kai ta kasuwa.

A shekarun ana cikin shimfiɗa kwalta zuwa arewa, ba a gama ba. Gaba da Tawa hanya ta koma rairayi da tsakuwa, itatuwa suka gajarce, suka koma ƙaya, daga baya ƙayar ma sai jefi-jefi. A Abalak na ɗanɗana ruwan rijiya na ji zartsi, nan take fadamar Anka ta faɗo mani a rai, da tuwon shinkafa da miyar kifi, da yadda Inna ke cewa in rufe randa. Na juya baya na share hawaye. A nan ne kuma jikin Ajuji ya fara zafi, cikinta ya ɓaci.

Mai tsoro ba ta rasa abin kallo. Duk inda muka tsaya ina shimfiɗa wa Ajuji zane a inuwar mota, saboda babu wata inuwa. Na lura in za mu tashi akwai wani baƙin tabo a rairayi, daidai ƙarƙashin inji. A Tawa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. A Abalak ya kai faifai, zanen goyona kuma warin gas yake yi. Ban iya tunkarar Kawu ba, sai na raɗa wa Hajiya, ita kuwa ta ɗaga murya.

"Direba! Motarka na fitsarin kwance!"

Kawu ya leƙa, ya shafa da yatsa. "Sabon famfo ne, Hajiya, gumi shi ka yi. Bari in ƙara ɗaure shi."

Ya sa sifana ya ja notin da ƙarfinsa duka, har na ji ƙarfen ya yi ƙara. Ɗigon ya tsaya. Kowa ya hau.

Daga Abalak muka bar sabuwar hanya muka bi tsohuwa wadda ta ratsa ta Ingal, don akwai geron da za a sauke can. Motoci sun rage bin ta. Da hantsi motar ta fara tari. Ta ja, ta saki, ta ja, sannan ta yi shiru, a wani fili da ko tsuntsu babu.

Kawu ya ɗaga murfin inji. Gefen injin duk ya jiƙe, mai na bin ƙarfe yana sauka. Ya kwance notin da ya ɗaure jiya, wani ɗan farin ƙarfe mai kamar zobe ya faɗo a tafinsa, ya rabe biyu.

"Wasa ce," in ji shi, yana nuna wa maza. "Ita ka toshe tsakanin bututu da famfo. Ta ƙwarai jan ƙarfe ce. Wagga sanholo ce, irin na tukunya. Ya rantse mani da Allah, mutumin ga! Ni kuma na zo na ƙara murƙushe ta."

Ya zura kara cikin tanki ya zaro, ya daɗe yana kallon inda ya jiƙe. Man da muka zubar a hanya ya fi wanda injin ya sha. Ya ce abin da ya rage zai kai mu Ingal da ƙyar, in ba a sake zubar da ko cokali ba. Ta wurin tsagar kuma iska ke shiga, injin gas kuwa in ya sha iska ba ya tashi.

Ruwanmu duro guda ne, ya riga ya yi ƙasa da rabi, sai salkar Agali. Aka ɗora Agali a kan rabon ruwan, kowa cikin ɗan kofin shayi guda.

Kawu ya gwada duk abin da ya sani. Ya cuɗa sabulu ya liƙe bakin wurin, mai ya ture shi. Ya yanko robar taya, gas ya jiƙa ta ta yi laushi ta tsere gefe. Agali ya ba da fatar takalminsa aka yanka da'ira, ta riƙe har muka fara murna, da aka ɗan matsa famfon sai ga mai yana tsartuwa ta gefe kamar nonon akuya. Kowane gwaji da man da yake ci. Da rana ta yi sanyi Kawu ya ce ya daina, ba zai ƙara zubar da rabon Ingal a rairayi ba. Muka kwana nan muna sauraron ƙarar mota. Ba wadda ta zo.

Da gari ya waye Ajuji ta daina kuka. Wannan shi ya fi firgita ni. Na ba ta nono ta kama ta saki, nonon ma ya tsinke, ba wani abin kirki. Leɓɓanta sun bushe. Na shafa kanta na ji maɗigarta ta faɗa ciki. Na san wannan alama. Sau biyu na taɓa shafa kai na ji haka.

Hajiya ta jiƙa bakin gyalenta cikin nata rabon tana ɗiga mata a baki. Agali ya zo ya tsuguna, ya juye nasa kofin cikin nawa, ya ce shi raƙumi ne, jiya ya sha na mako.

Na ji Kawu yana magana da maza a gaban mota. "Ba wani babban abu ba ne. Ɗan zobe na jan ƙarfe, wanda ba ya da gaɓa. Ko na yatsa ne, in ya shiga notin ga, ni na san yadda za ni yi da shi."

Aka shiga duba hannuwa. Na Hajiya azurfa ne mai dutse, bayansa a buɗe. Na Agali ƙato ne, notin ya yi ta yawo ciki. Wani ya kwance waya daga hannun buta, Kawu ya ce inda bakin waya ya haɗu nan man zai bi. Ni kuwa tun kalmar farko na tura hannuna ƙarƙashin zanen Ajuji na dunƙule.

Duk sun san da shi. Kwana nawa ina karɓar kofi da hannun nan? Hajiya ma ta taɓa tambayata, na faɗa mata dalilinsa. Amma ba wanda ya dubi wajena. Kawu, wanda ya san komai tun daga gida, ya wuce ta gabana ya je ya kwance akwatin kayan aikinsa yana zazzagewa a ƙasa, ko Allah zai sa wata tsohuwar wasa ta maƙale a lungu. Da sun roƙe ni, ina jin da na ƙi. Shirun nan nasu shi ya hana ni sakat.

"Hajiya," na ce, "in na hidda shi ta tafi, mi za ni ce ma Inna?"

"In ba ki hidda ba fa?" Ba ta ɗago ba, tana ta ɗiga ruwan. "Ni ba ni ce maki komi, ɗiyata. Rai na Allah ne. Amma Ingal akwai rijiya, akwai mai allura."

Agali yana gefe yana tona garwashi. Bai dube ni ba ya ce, "Ni dai abin da ban gane ba, ina zoben za shi? Wata mota za a ɗaura ma shi? Ke kina ciki, ɗiya na ciki, shi yana ciki. Da ke ka ɗauke da shi, yanzu shi ɗauke ku. Maƙera dai ba ku da wayo, shi ya sa muka mallake ku."

Ban yi dariya ba, amma wani abu ya saki a ƙirjina. Na dubi Ajuji, idanunta rabi a buɗe. Na yi bisimilla na ja zoben. Ya ƙi. Sai da Hajiya ta kawo guntun sabulun nan da ya kasa toshe famfo, ta shafa da yawu, ta murɗa ta murɗa, fata ta saɓule, sannan ya fito. Wurin ya yi fari fat kamar ba yatsana ba.

Na miƙe da ƙafata na kai wa Kawu. Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya duba ciki da waje.

"Zubi ne," ya ce a hankali. "Babu gaɓa. Allah shi yi ma tsohon ga albarka."

Ya zura notin, ya ɗan cije. Ya sa siririn magagari ya zagaye cikin har ya shige daidai. Sannan ya ɗora zoben bisa gindin jak ɗin ɗaga mota, ya ɗauki guduma. Bugun farko na ji shi har cikin haƙorana, na rufe ido. Da na buɗe zobena ya zama faifai. Ya yi ta goga shi a kan magagari, wannan fuska da waccan, yana ɗagawa yana hangen rana ta gefensa, har ya kwanta sumul.

"Saura wuta," in ji shi. "Bugu ya sa ya taurare. In bai yi taushi ba, ba ya kama bakin ƙarfe."

Wannan kam na sani, a cikinsa na girma. Aka tura shi cikin garwashin shayin Agali. Maza suka kewaye suna hurawa da baki, toka na tashi, wutar ba ta yi ƙarfi ba. Na miƙa wa Hajiya ɗiya, na ɗauki guntun tiyo da ke cikin kayan Kawu, na tura bakinsa ƙarƙashin garwashin ina hurawa a hankali ba tsayawa, yadda zugazugin Baba ke yi.

"Kun gani?" in ji Agali. "Tun Tawa na ce ta hura mani wuta, sai yau ta yi biyayya."

Ƙarfen ya yi baƙi, ya yi shuɗi-shuɗi, sannan ya ɗauki ja irin na gauta nunanne.

"Ya yi, Kawu. Hidda shi kada shi narke."

Maganar farko ke nan da na taɓa yi masa ido cikin ido. Ya ɗauko shi da filaya ya jefa cikin ɗan kofin ruwa, ya yi cuu. Ruwan ma ba a zubar ba, wani ya shanye.

Kawu ya goge bakin famfon da gefen rigarsa, ya sa zoben, ya zura noti. Wannan karon bai ja da ƙarfi ba. Ya ɗaura da yatsu, ya sa sifana ya ƙara kaɗan, ya tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan, kamar mai gyara wa jariri wuya. A jikin famfon akwai ɗan hannu da ake dannawa. Ya sassauta wani ƙaramin noti can sama, ya sa wani mutum yana dannawa, ya tara gwangwani don kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Kumfa ta yi ta fita tana tsiri-tsiri, har ta ƙare mai ya fito garau. Ya ɗaure, ya mayar da na gwangwanin cikin tanki.

"Hajiya, ara mani farin ƙyalle."

Ta ba shi hankicinta, ya shimfiɗa ƙarƙashin famfon, ya hau ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ba wanda ya yi motsi. Ya sake murɗawa, ya ja, ya ja, kamar tsoho zai tashi daga tabarma, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, motar ta ɗauka. Maza suka yi kabbara. Kawu ya bar injin yana aiki. Ya sauko ya tsuguna yana kallon ƙyallen, mu ma muka kewaye. Muka jira. Ya zaro shi ya ɗaga sama. Fari tas.

"Kulu," ya ce, "ɗauko ɗiya ki shiga gaba. Kusa da zobenki."

Haka na zauna a gidan gaba, ni da Hajiya, zafin inji na dukan ƙafafuna, ina jin daɗinsa. Tafin hannuna ɗaya a kan ƙirjin Ajuji, ina jin yana ɗagawa yana sauka. Kawu yana tuƙi a hankali don tattalin mai, in ya tsaya ya leƙa ya dawo sai ya ce, "A bushe," ni kuma in ce, "Tana numfashi." Iyakar hirarmu ke nan.

Da la'asar muka hango dabinon Ingal. Motar ta kai mu har bakin kasuwa. Agali ya sauka da gudu kamar ba tsoho ba, ya kai mu wurin mai allura, ya yi mana tafinta. Aka yi wa Ajuji allura, aka haɗa ruwa da sukari da gishiri aka ce in yi ta ba ta da cokali. Matan gidan Agali suka kawo mani nonon raƙumi da fura, suka tsaya a kaina sai na shanye. Washegari da safe, ina gyara mata zane, Ajuji ta tsandara kuka, irin mai ƙarfin nan na fushi, ta kama nono ta ƙi saki. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba. Na zauna ina dariya hawaye na zuba, Hajiya na cewa a bar ni.

Da za mu tashi Agali ya ce ya 'yanta ni, don baiwa mai yawan kuka ba ta sayuwa.

A Agadas Kawu ya samo wasar ƙwarai wurin wani makanike. Ya kwance, ya kawo mani zobena a tafin hannu, shimfiɗaɗɗe, da sawun noti a jikinsa. Ba ya shiga yatsa kuma. Hajiya, kafin mu rabu, ta murza zare ta zura shi ta ɗaura wa Ajuji a ƙugu. Da shi muka shiga Arlit, da shi ta fara tafiya a tsakar gidan haya cikin 'ya'yan Zabarmawa da Buzaye.

Da lokacin yaye ya yi Kawu ya maido mu gida, na kai Ajuji Anka wurin Inna kamar yadda ake yi. Tun a hanya nake shirya abin da zan faɗa. Inna ta kama hannuna tun kafin in zauna, ta ga yatsa wayam, fuskarta ta canza. Na kwance zaren daga ƙugun Ajuji na ajiye a gabanta, na ba su labari tun daga Abalak.

Baba ya ɗauki abin ya kai kusa da ido, ya shafa gefensa da babban yatsa.

"Shi direban ga, ɗan maƙera ne?"

"A'a, Baba."

"Na gani. Gugar ba ta yi daidai ba." Ya sake juyawa. "Amma wutar ta yi. Wa ya hura?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai ya miƙa wa Inna. Ta sunsuna shi, ta yamutsa fuska, don har lokacin da sauran warin gas. Ajuji kuwa ta riga ta sulale daga jikina, ta je ta buɗe randar Inna ta tsoma hannu har kafaɗa tana facal-facal da ruwa.

"Ke!" Inna ta daka mata tsawa, ta miƙe da sauri, zoben a dunƙule cikin hannunta. "Ke ɗiyar Buzaye, randata! Kulu, zo ki kama abinki, wagga ai ta fi ƙarfina."